Lita Ashirin

Da tukunyar miyar surukata na fara,
wadda kunnenta ɗaya ya karye,
a garejin bayan gida, nan El Bolsón,
inda dutse ke leƙo mu
da farar hular ƙanƙara a kansa.
Lita ashirin, ran Lahadi.
Sha'ir ya jiƙa ya yi tsiro, na gasa, na ɓarza,
na tsinko koren furen nan mai ɗaci
da ke bin igiya a gonar Casimiro,
na zuba, na rufe, na jira.
Tsakar dare in ji tulun gilashi yana ɓul, ɓul,
kamar jariri na gyatsa a ɗakin kusa.

Abokai suka kurɓa suka lumshe ido:
"Evaristo, wannan giya ai ta sayarwa ce!"
Yabo ba ya biyan kuɗin wuta,
amma kunne ya ji, zuciya ta riƙe.
Na rataye sifana, na bar gyaran motocin haya
da na shekara sha tara ina kwance ƙarƙashinsu,
na sa hannu a takardun banki
sau goma sha ɗaya, Griselda na ƙirgawa.

Tankuna uku, kwance, daga Rosario,
suka iso a bayan babbar mota suna sheƙi.
Jami'ar lafiya ta zo da tocila,
ba ta ko shinshina giyar ba,
ta tsuguna ta zuba ruwan gora a ƙasa,
ta ga ya tsaya cak.
"Daɓen bai gangara ba."
Muka fasa siminti, muka sake.

Na ɗauka mai dafa giya zan zama,
ashe mai wanke-wanke.
Wanke tanki, wanke tiyo, wanke kwalba,
wanke abin da na wanke jiya,
yatsuna sun yi fari sun yamutse
kamar wake da ya kwana a ruwa.
Dahuwar kanta yini guda ce cikin bakwai,
sauran rasit ne da haraji
da bin mai mashaya bashin ganga huɗu.

A watan Yuli, sanyi na cizon ƙashi,
na buɗe famfon tanki na biyu, na ɗanɗana.
Tsami.
Lita ɗari biyar.
Na sake su a sabon daɓen nan mai gangara,
suka bi magudana ba gardama, da kumfarsu.
Griselda na tsaye da littafin lissafi a ƙirji,
ba ta ce uffan ba,
shirun ya fi giyar tsami.
Ruwa ba ya tsami banza:
wata 'yar roba ce ta tsage a bakin bututu,
ba ta kai zoben aurenmu girma ba.

Yanzu shekara uku.
Mashaya shida na karɓar kayanmu,
akwai yaro, Nahuel, da nake biya duk Juma'a,
sunana na manne a kwalba har Bariloche.
Masu saye na son ta jiya ta zama ta gobe,
launi ɗaya, ɗaci ɗaya,
ni kuwa na iya, na daina mamaki.
Abokan da suka zuga ni
ba su cika zuwa ba tun da aka sa farashi.

Amma tukunyar surukata na nan bayan tankuna.
Wata Lahadin, in na kulle ƙofa,
sai in ɗora ta a wuta,
in jefa ɓawon lemo, ko zumar da ta rage,
ba awo, ba rubutu.
Wani lokaci ta ɓaci.
Casimiro ya tako da sandarsa,
ya zauna kan buhun sha'ir, ya kurɓa,
ya yatsine fuska, ya goge gashin baki,
ya miƙo kofin ya ce in ƙara.